Tambaya da Amsa: Wijet Ɗina Yana Ƙiftawa, Aikon Sun Koma Farare

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suka taru, wato ƙananan allunan nan da ake mannawa a fuskar kwamfuta suna nuna aikin firosesa da RAM da zafi da gudun intanet, waɗanda ake cewa wijet, sai kuma aikon, wato ƙananan hotunan da ake dannawa a buɗe manhaja ko fayil, da ke rikicewa. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ina amfani da Linux ne, na saka Conky, manhajar wijet, a gefen dama na sikirin, amma wallahi duk daƙiƙa sai ya ƙifta kamar zai mutu ya dawo, har ido yana ciwo. Wani ya ce in kunna double_buffer, na kunna, ƙiftawar ta tsaya amma kuma aikon ɗina na kan fuskar kwamfuta duk suka ɓace sai na bi da maus ta kansu suke fitowa. Dan Allah me ke faruwa, ko katin hoto ne ya samu matsala?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, katinka lafiyarsa ƙalau, kuma wanda ya ce ka kunna double_buffer bai yi ƙarya ba, rabin maganin ya ba ka. Abin da ke faruwa shi ne duk lokacin da Conky zai sabunta lambobinsa sai ya goge tsohon rubutun ya zana sabo, to idan yana yin wannan kai tsaye a gaban idonka dole ka ga ɗan lokacin da wurin yake fanko, shi ne ƙiftawar. Kamar malami ne da ke goge allo yana sake rubutu a gaban ɗalibai, da wanda yake da allo biyu, ya gama rubutu a na baya sannan ya juyo da shi gaba ɗaya. Na biyun shi ne double_buffer.

To ina aikon suka tafi? Idan ba ka ba Conky tagarsa ta kansa ba, a kan shimfiɗar ƙarshe ta sikirin yake zane, wato can ƙasan komai, kuma wurin nan akwai mai shi, manhajar da ke zana maka hoton bango da aikon. Sai ya zama su biyu suna zane a wuri ɗaya kowa yana shafe aikin ɗan'uwansa, shi ya sa idan ka bi da maus mai aikon ya sake zana nasa, bayan daƙiƙa ɗaya Conky ya sake binne su. Maganin shi ne ka raba su. Buɗe fayil ɗin saitinka, ko dai .conkyrc a babban foldarka ko kuma conky.conf da ke cikin .config/conky, ka tabbatar akwai waɗannan:

own_window = true,
own_window_type = 'normal',
own_window_hints = 'undecorated,below,sticky,skip_taskbar,skip_pager',
double_buffer = true,

Layi na uku shi ke hana shi zama kamar sauran tagogi, ba kai ba baki, yana ƙarƙashin kowa, kuma ba zai fito a sandar ƙasa ba. Mutane da yawa suna sa 'desktop' a maimakon 'normal' saboda sunan ya fi kama da abin da suke so, amma a wasu tsaruka da zarar ka danna fili a fuskar kwamfuta sai Conky ya nutse ƙarƙashin hoton bango ka neme shi ka rasa, alhali yana nan yana aiki. Ni dai da 'normal' nake cewa a fara, idan ya ƙi sai a gwada 'desktop' ko 'override', ɗaya bayan ɗaya, kar ka canza abu biyar lokaci guda domin ko ya gyaru ba za ka san wanne ya gyara ba.

Abu biyu da nake so ka kula da su. Na farko, tun daga siga ta 1.10 Conky ya canza yadda ake rubuta saiti, da can ana rubuta double_buffer yes ne kawai, yanzu kuwa da alamar daidai da true da waƙafi a ƙarshen layi, kuma waƙafi ɗaya idan ka manta zai iya hana shi tashi gaba ɗaya. Yawancin saitin da mutane ke kwafowa tsohon salo ne. Don haka ka riƙa tayar da shi daga taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta conky ka danna enta, in akwai kuskure zai faɗa maka har da lambar layin. Na biyu, idan bayan gyaran ka ga baƙin akwati a bayan rubutun maimakon hoton bangonka, to gaskiyar magana ganin-ta-ciki na ainihi yana buƙatar a kunna compositor na tsarinka, wato manhajar da ke harhaɗa hotunan tagogi a sikirin, sannan a sa own_window_argb_visual = true. Idan kuma baƙin akwatin lokacin kunna kwamfuta kaɗai yake fitowa, Conky ne ke riga hoton bango tashi, sai ka sa masa jinkiri da conky -p 15, zai jira daƙiƙa 15 kafin ya fara.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Windows 10 nake da ita, jiya na kunna laftof naga aikon da yawa sun koma farar takarda, na Word ma ya ɗauki hoton wata manhaja daban. Idan na danna suna buɗewa normal. Ƙawata ta ce bairos ne in kai a yi min fomatin, ni kuma ina da ayyukan makaranta a ciki.

AMSA: Ƙanwata kar ki yi fomatin, dan Allah. Tunda suna buɗewa, manhajojin suna nan, hotonsu ne kawai ya rikice. Windows ba ta zuwa ta ɗauko hoton kowane aikon daga cikin manhajarsa duk lokacin da kika kunna, tana ajiye kwafinsu ne a wata ma'ajiya don saurin aiki, kuma wannan ma'ajiyar kan lalace, musamman idan kwamfuta ta mutu ba zato ko bayan an yi ofdet.

Fara da mai sauƙi. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, nemo Windows Explorer a jerin, ki danna dama ki zaɓi Restart, sandar ƙasa za ta ɓace ta dawo, kar ki tsorata haka yake yi. In bai gyaru ba, danna maɓallin Windows da R ki rubuta ie4uinit.exe -show ki danna enta. In har yanzu suna nan farare sai a goge ma'ajiyar ita kanta, ki buɗe Command Prompt ki rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

taskkill /f /im explorer.exe
del /a %localappdata%\IconCache.db
del /a /f /q %localappdata%\Microsoft\Windows\Explorer\iconcache*
start explorer.exe

Layin farko zai sa fuskar kwamfutar ta zama wayam, na ƙarshe ya dawo da ita, daga nan ki kashe ki kunna. Windows da kanta za ta sake gina ma'ajiyar, babu abin da ya taɓa ayyukanki. Ki dai kwafi layukan daidai yadda suke, umarnin gogewa ba wurin kintace ba ne. Idan kuma bayan duk wannan aikon ɗaya tak ya rage fari, to shi matsalarsa daban, gajeriyar hanya ce da aka matsar ko aka cire abin da take nunawa, goge ta ki yi sabuwa. Ayyukan makarantar nan kuma ki kwafe su a filash yau, ko da komai lafiya.

TAMBAYA: Malam na kwafe saitin Conky daga tsohuwar kwamfutata zuwa sabuwa, komai yana aiki sai wurin intanet, sifili yake nunawa ko ina sauke fayil. Zafin firosesa kuma yau ya nuna 45 gobe in na kunna ya nuna 27 ya tsaya cak baya motsi. Sannan wasu alamomi sun koma ƙananan akwatuna.

AMSA: Matsala uku ka kawo amma uwarsu ɗaya, saitin yana kiran abubuwa da sunayen da suke da su a tsohuwar kwamfuta. Wijet bai san komai da kansa ba, inda ka nuna masa nan yake leƙawa, in ba kowa a wurin sai ya rubuta sifili ya yi shiru.

Ta intanet, duba cikin fayil ɗin za ka ga eth0 ko wlan0. Yawancin Linux na yanzu sun daina amfani da waɗannan sunaye, suna ba da suna ne gwargwadon inda katin yake a jikin na'ura, irin su enp3s0 na kebul ko wlp2s0 na wayales, kuma naka zai iya bambanta da waɗannan. Rubuta ip link a taminal ka ga sunan gaskiya, ka maye gurbin tsohon a duk inda ya fito, ba wuri ɗaya ba, akwai na saukewa da na ɗorawa da na zanen jadawali.

Ta zafi ta fi ban haushi. Na'urorin auna zafi suna zaune a /sys/class/hwmon da lambobi, hwmon0, hwmon1 haka, kuma lambobin nan ba dawwamammu ba ne, wanda ya riga tashi shi ke karɓar lambar farko, don haka yau lamba 1 firosesa ce gobe ta zama ta wani ma'auni na jikin allon uwa wanda kusan baya motsi. Shiga kowace folda ka karanta fayil mai suna name, na Intel za ka ga coretemp, na AMD kuma k10temp. Sababbin sigogin Conky suna karɓar wannan sunan a maimakon lamba, to sa sunan ka huta. In ka buɗe fayil ɗin zafin da kanka ka ga 45000 kar ka firgita, digiri 45 ke nan, da dubu ake rabawa.

Akwatunan kuwa fon ne babu, wato salon haruffan da saitin ke nema. Masu ƙera saitin Conky suna yawan amfani da fon na musamman don zana alamomi irin su gajimare ko batir, ka duba sunayen fon da ke cikin saitin, ka kwafo su daga tsohuwar kwamfutar zuwa .local/share/fonts, ka rubuta fc-cache -f, ka sake tayar da Conky.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, Rainmeter, manhajar wijet ta Windows, nake amfani da shi. In na danna Windows da D sai sikin ɗin, wato wijet ɗinsa, su ɓace tare da sauran tagogi. Kuma na fassara rubutun cikinsa zuwa Hausa, inda na sa Ƙwaƙwalwa sai wasu haruffan banza suka fito. Zafi ma bayan wasu awanni sai ya daina motsi.

AMSA: Na ji daɗin wannan fassara da ka yi, ka ci gaba. Ɓacewar daga matsayin da ka ba sikin ɗin ne. Danna dama a kansa, shiga Settings, sannan Position, in yana kan Bottom mayar da shi On desktop, wannan shi ne wanda ke zama a bayan tagogi amma baya ɓuya idan ka nuna fuskar kwamfuta.

Haruffa masu ƙugiya kuma, Rainmeter yana son a adana fayilolinsa na .ini da tsarin UTF-16 LE idan akwai haruffan da ba na Turanci zalla ba. Buɗe fayil ɗin a Notepad, zaɓi Save As, a ƙasa wurin Encoding ka zaɓi UTF-16 LE, ka sake rubuta kalmar idan ta riga ta lalace, sai ka yi Refresh. In haruffan banzan sun tafi amma ƙ da ɗ sun fito da siffar da ba ta dace da sauran ba ko suka zama akwati, to fon ɗin ne bashi da su, gwada Noto Sans ko DejaVu Sans.

Batun zafi, Rainmeter da kansa baya auna zafin firosesa, aro yake yi daga wata manhaja irin HWiNFO ko Core Temp, dole ita ma ta kasance a kunne. In HWiNFO ta kyauta kake amfani da ita ta hanyar Shared Memory, tun daga siga ta 7 wannan hanyar tana rufe kanta bayan awa 12 sai an sake kunnawa da hannu, kuma bayaninka ya yi kama da haka sosai. Ka saba da leƙa About sannan Log a cikin Rainmeter, can yake rubuta kokensa, mutane kaɗan ne ke dubawa.

TAMBAYA: Malam ina iya dawo da gajet ɗin Windows 7 mai kama da mitar mota a kan sabuwar Windows? Na ga wani fayil a intanet.

AMSA: Ban ba ka shawara ba. Microsoft da kanta a 2012 ta ce a kashe gajet ɗin nan saboda ana iya bi ta cikinsu a cutar da kwamfuta, kuma ba ta sa su a Windows 8 ba. Akwai sikin na Rainmeter masu wannan siffar, nemi ɗaya daga ciki ya fi maka kwanciyar hankali.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wijet ɗina ƙarya yake min ko me? RAM ɗina 8 GB ne, yana nuna kusan ya cika alhali burauza kawai na buɗe. Intanet ɗina an ce 20 ne amma baya wuce 2.5. Rubutun kuma sai rawa yake hagu da dama, wani lokacin ya yi kauri kamar an rubuta sau biyu. Linux Mint ce.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ba ƙarya yake ba, lissafinsa ne ya bambanta da wanda kake zato. Linux bata son barin RAM a zaune haka kawai, duk wurin da ba a amfani da shi sai ta zuba fayilolin da aka buɗe kwanan nan don su yi saurin buɗewa nan gaba, kuma da zarar wata manhaja ta buƙaci wurin take sakar mata. In wijet ya haɗa wannan a lissafi dole ka ga kamar ya cika. Rubuta free -h ka dubi ginshiƙin available, shi ne abin da ya rage maka na haƙiƙa, sannan in Conky ne ka sa no_buffers = true. Na sha ganin mutane sun sayi ƙarin RAM saboda wannan lambar alhali ba su buƙata, abin yana damuna, shi ya sa nake nanatawa.

Intanet ɗinka ma daidai yake. Kamfanoni da megabit suke talla, wijet kuma da megabait yake ƙirga, kuma bit 8 ne ke yin bait 1, raba 20 da 8 ka ga 2.5 ta fito. Irin wannan ne ke sa hadis (hard disk) mai 1 TB ya nuna wajen 931 GB a Windows, masu ƙera shi da 1000 suke lissafi ita kuma da 1024.

Rawar rubutu daga faɗin lambobi ne, 9% da 100% ba tsawonsu ɗaya ba, to taga tana buɗewa tana tsukewa. Sa minimum_width da maximum_width su zama lamba ɗaya, ka kuma yi amfani da fon mai haruffa masu faɗi ɗaya irin DejaVu Sans Mono. Kaurin rubutu kuwa kusan kullum Conky biyu ne ke aiki ɗaya kan ɗaya, wataƙila ka sa shi a jerin masu tashi da kansu sau biyu, ko tsarin ya tuna da na jiya ya ƙara da na yau. Rubuta pgrep -a conky, in layi biyu suka fito ka kama ɓarawon, killall conky sannan ka tayar da guda. Tunda ka buɗe fayil ɗin, duba ko akwai exec da ke kiran wani umarni mai nauyi, domin shi duk sabuntawa yake gudu, canza shi zuwa execi da tazara kamar daƙiƙa 300 idan abu ne irin yanayin gari da baya canzawa kowace daƙiƙa. Wijet ɗin da aka sa don ya sa ido a kan firosesa bai kamata ya zama shi ke cinye ta ba.

TAMBAYA: Malam tunda na saka wijet nake ganin wasu layuka kore-kore da ɗige-ɗige a sikirin, na cire shi amma basu tafi ba. Shi ya ɓata min?

AMSA: Da wuya ƙwarai wijet ya lalata sikirin, kuma tunda ka cire basu tafi ba, mu nemi mai laifin a wani wuri. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: ɗauki hoton sikirin da maɓallin Print Screen lokacin da layukan suke, ka tura hoton zuwa wayarka ka duba a can. A waya fa, ba a kan sikirin ɗin da ake zargi ba. In hoton ya fito tsaf babu layi, kwamfutar tana zana abu daidai, matsalar tana gaba, kebul ne ko gilashin kansa, sai ka canza kebul ko ka jona wani sikirin ka gani, in laftof ce ka ɗaga murfin a hankali ka sauke, idan layukan suna canzawa da motsin to siririn kebul ɗin da ya bi ta maƙogwaron murfin ne ya fara gajiya. In kuma layukan sun fito a cikin hoton, to daga direba ne, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, ko katin kansa. A Windows danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, sikirin zai ɗan yi duhu ka ji ƙara kaɗan, direban hoto ne ya sake tashi. In sun tafi suka dawo, cire direban ka saka sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera katin, Intel ko AMD ko Nvidia. Idan kuwa tun kana kunna kwamfuta, kafin ma Windows ta hau, layukan suna nan a kan tambarin farko, to ba maganar manhaja ba ce, kwafe muhimman fayilolinka ka kai wa mai gyara, ka kuma faɗa masa gwaje-gwajen da ka riga ka yi don kar ya fara da fomatin.